Dajin da Ya Tsiro a Ramin Siminti: Ziyara a Bamburi ta Mombasa

Yawancin masu zuwa Mombasa teku ce ke kawo su. Suna son farin rairayin Nyali da Diani, su ga ganuwar Fort Jesus wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, su ratsa lungunan tsohon gari inda ƙamshin kanumfari da gahawa ke fitowa daga ƙofofin katako masu zane. Ni kuwa rami ne ya kai ni. A arewacin birnin, kimanin kilomita 12 a kan hanyar Malindi, akwai wani daji mai duhuwa, da tafkuna, da dorina, da raƙuman dawa, inda iyalai ke shimfiɗa tabarma su ci abinci a ƙarshen mako. Kafin shekarar 1971 ko ciyawa ba ta fitowa a wurin, domin ramin da kamfanin siminti na Bamburi ya bari ne bayan ya kwashe dutsen da yake bukata. Na fito daga ƙasar da ramukan haƙa suka yi yawa, kuma na daɗe ina jin cewa irin wannan wuri in ya mutu ya mutu ke nan. Na so in ga inda aka ƙaryata wannan magana, in kuma fahimci yadda aka yi.

Daga Nairobi na hau jirgin ƙasa na Madaraka Express, wanda ya fara aiki a 2017. Tafiyar kusan kilomita 480 ce, kuma galibi gangara ce daga tudu mai sanyi zuwa bakin teku. Layin ya ratsa gandun dajin Tsavo, inda fasinjoji ke cincirindo a taga don ganin giwaye da jar ƙasa ta rine musu jiki. Kana sauka a tashar Miritini zafi mai damshi zai rungume ka, rigarka ta manne a bayanka tun kafin ka sami mota. Bahaushe ba ya jin baƙunta sosai a Mombasa. Kiran salla na tashi daga kowace kusurwa, maza na sanye da doguwar farar riga da hula, mata cikin baƙin lulluɓi, kuma in ka yi sallama za a amsa maka cikakkiya.

Zuwa Bamburi sai ka haye gadar Nyali, ka bar tsibirin a baya. Na shiga ƙaramar bas ɗin haya da suke kira matatu, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Bamburi da Mtwapa. Muka wuce kasuwar Kongowea da tulin ayaba da kwakwa, muka wuce manyan kantuna da otal-otal na bakin ruwa. Can sai ga masana'antar ta bayyana a hagu: dogayen rumbunan kankare, bututun hayaƙi, tireloli a jere suna jiran lodi, ganyayen bakin titi duk sun yi furu-furu da ƙura. A nan kusa da ita ƙofar dajin da na zo gani take, wanda yanzu ake kira Haller Park.

Abu na farko da mai ziyara zai lura da shi shi ne gangara. Hanyar tana sauka ƙasa, domin cikin ramin kake shiga. Kafin ka yi nisa hayaniyar titi ta ɗauke, inuwa ta rufe ka, iska ta yi sanyi har ka ji gumin jikinka yana bushewa. A wasu wurare an bar bangon ramin yadda injin ya yanke shi, fari fat, ya fi tsayin mutum sau da yawa. Na matsa kusa na shafa shi. Dutsen kaushi gare shi, cike da ƙananan ramuka, kuma in ka ƙura ido za ka ga zanen murjani da ɓawon katantanwar ruwa a jikinsa. Wannan gaɓa duka ƙarƙashin teku take fiye da shekara 100,000 da suka wuce, kuma halittun murjani ne suka tara wannan dutse sannu a hankali. Shi ne abin da ya jawo kamfanin. An kafa shi a 1951 ƙarƙashin jagorancin Felix Mandl, ya fara fitar da siminti a 1954. Ana niƙa dutsen, a haɗa shi da wata laka mai tauri, a gasa a tanda mai zafin da ya kai digiri 1,450, sannan a sake niƙawa. Da simintin nan aka gina wani babban sashe na Kenya ta zamani.

Amma kowane buhu da ya fita sai ya bar gurbinsa a ƙasa. Injuna sukan fara ture 'yar ƙasar da ke sama, su yi ta cin dutsen har su kusa taɓa ruwan da ke ƙarƙashi, sannan su tsaya. Ruwan nan kuwa da gishiri-gishiri yake, saboda teku na kusa, har yakan ɗan hau ya sauka tare da cikarta da janyewarta. Abin da ya rage shi ne fili fari, mai tauri kamar daɓen ɗaki, yana mayar da hasken rana cikin ido, babu ƙasa, babu inuwa, babu tsuntsu. Shekara bayan shekara filin yana faɗaɗa a gefen hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi zuwa otal-otal.

Mutumin da sunansa ke kan ƙofar, René Haller, ɗan ƙasar Suwizalan ne, masanin aikin gona. Ya fara zuwa Gabashin Afirka a 1956 don kula da gonar gahawa a gindin dutsen Kilimanjaro. A 1959 kamfanin Bamburi ya ɗauke shi ya noma wa ma'aikata kayan lambu da abinci a filayen da ba a kai ga haƙawa ba. Sai a 1971 aka ba shi dama ya gwada farfaɗo da ramin. A lokacin babu wata doka da ta tilasta wa kamfanin yin haka, babu kuma littafin da zai buɗe ya ga yadda ake yi. Ɗebo ƙasa daga wani wuri a zuba zai ci kuɗin da ba wanda zai biya, kuma zai zama an kashe wancan wuri ne don a raya wannan. Saboda haka ya ɗauki hanya mai wuya: ya nemi itacen da zai yarda ya rayu a kan dutse tsirara.

Ya gwada iri 26. Bayan wata shida uku ne kawai suka rage: kwakwa, da damas, wani itace na gaɓar Somaliya da Yaman mai jure gishiri, sai kuma kasuwarina, wanda mutanen gaɓar ke kira mvinje. Wannan na ukun shi ne ya ɗauki nauyin aikin. Dogo ne siriri, rassansa sirara kamar zare maimakon faffaɗan ganye, don haka ba ya asarar ruwa da yawa a rana. Gishiri ba ya damunsa. Mafi muhimmanci, a saiwarsa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune tare da shi, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shi, wato da takinsa yake tafiya. Haller ya lura cewa ƙananan itatuwan sun fi kamawa idan aka sa musu 'yar ƙasa daga gindin tsofaffin kasuwarina, domin a cikinta waɗannan ƙwayoyi suke. Aka riƙa fasa dutse ana yin ɗan gurbi, ana dasa dubbai. Cikin shekara goma wasu sun kai tsayin mita 30.

Sai dai itace a tsaye bai zama daji ba tukuna. Kasuwarina na zubar da siraran rassansa ba dare ba rana, amma ba sa ruɓewa da wuri, domin suna ɗauke da sinadarin nan mai bauri da majema ke nema a cikin bagaruwa. Suka taru a ƙasa, busassu, babu abin da ke tsirowa a cikinsu. A nan ne idon manomi ya yi aiki. Haller ya ga wata ƙadandoniya baƙa mai jajayen ƙafafu, wadda ke yawo a dazuzzukan gaɓar, tana cin busassun rassan nan. Aka tattaro su da yawa daga jeji aka sake su a cikin ramin. Suka sami abinci ba iyaka, suka hayayyafa, kashinsu kuma ya zama abin da ƙwayoyin ƙasa ke iya narkarwa. Da haka ƙasa ta fara taruwa a kan dutse, har ta kai kaurin kusan santimita 10.

Matashin da ke yi mana jagora ya tsaya a gefen hanya, ya ɗaga wani ruɓaɓɓen reshe, ya ɗauko guda ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa. Tsawonta ya ɗara yatsa, jikinta baƙi wuluk yana sheƙi, ƙafafunta ja jawur suna motsi bi da bi daga baya zuwa gaba. Da ya taɓa ta sai ta naɗe ta yi gammo. Ya ce da ni, "Dattijo, tona nan ka gani." Na durƙusa na sa yatsu. A sama akwai busassun ganye, ƙarƙashinsu baƙar ƙasa mai laushi da damshi, tana ƙamshin farkon damina, siraran saiwoyi sun saƙe ta. Ban kai ga nutsa tafin hannuna ba sai farcena ya daki farin dutse. Duk wannan daji mai rufe sama, da birai da tsuntsayensa, a kan wannan 'yar shimfiɗa yake tsaye, kuma ƙwaron da yara ke tsallakewa da ƙyama shi ya samar da ita. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a wannan wuri ba.

Da ƙasa ta samu, sai aka shiga mataki na biyu. Kasuwarina ba shi ne abin nema ba, share fage ya zo yi. A inuwarsa aka fara dasa itatuwan asali na dazuzzukan gaɓar Kenya, waɗanda sara da noma suka kusa ƙarar da su: mvule, wanda muke kira loko, da mbambakofi, ɗan'uwan kawo, da ire-iren ɓaure, da wasu masu yawa. Yayin da suke tasowa ana rage tsofaffin kasuwarina, a sayar da su a matsayin sandunan gini da itacen girki da gawayi, wasu kuma su faɗi da kansu su ruɓe su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Daga nan dajin ya fara taimakon kansa. Birai da jemagu da tsuntsaye suka riƙa zuwa cin 'ya'yan itace, suna zubar da ƙwayoyin wasu tsirrai da ba wanda ya dasa. An ƙirga ire-iren tsuntsaye sama da 160 a wurin. A yau in kana tafiya a tsohon sashen, sai ka duba da kyau kafin ka ga kasuwarina a cikin cunkoson ganye da kurangar da ta naɗe rassa.

Ruwan ƙarƙashin ramin ma bai tafi a banza ba. Tun farkon aikin aka haƙa tafkuna aka zuba karfasa, kifin da ke jure ɗan gishiri. Kifin bai yi ƙiba yadda ake so ba sai da dorina ta shigo cikin lissafi. Ta farko, mai suna Sally, marainiya ce da masu ɗaukar fim ɗin namun daji Alan da Joan Root suka rena, daga baya aka kawo mata namiji mai suna Potty. Dorina takan ci ciyawa a tudu da dare, ta yi kashi a ruwa da rana. Kashin yana ciyar da ƙananan tsirran ruwa da kifi ke ci, kuma yawonta a ƙasan tafki yana motsa laka ya hana ruwan ruɓewa. Aka kuma gina gonar kifi ta kwatamai, aka haɗa ta da wurin kiwon kada, waɗanda ake ciyarwa da ragowar kifi da na dabbobin gona. Ruwan da ya fito daga wurinsu da datti sai a bi da shi ta fadamar shinkafa da tafkin kainuwa, su tsotse dattin a matsayin taki, ruwan ya koma wurin kifi a tace. Na daɗe a tsaye ina kallon kainuwar nan. A wurinmu ciyawa ce da ke toshe tafki, a nan kuwa an ba ta aiki.

Wannan tsari ya nuna yadda Haller ke tunani. Ya san cewa kamfani ba zai yi ta zuba kuɗi a rami don tausayi kawai ba, kuma ranar da aka sami manajan da ba ya sha'awar itatuwa aikin zai tsaya. Don haka ya dage kowane sashe ya kawo wani abu: katako, kifi, fatar kada, shinkafa, 'ya'yan itatuwan dashe, daga baya kuma kuɗin shiga. An buɗe wurin ga jama'a a 1984 da sunan Bamburi Nature Trail. A 1987 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Haller cikin waɗanda ta ba lambar yabo ta Global 500, a 1999 kuma aka sauya wa gandun suna don girmama shi.

Yawancin baƙi dabbobi ne ke kawo su, kuma ba su da laifi. Akwai wani dandamali inda ake miƙa wa raƙuman dawa abinci da hannu. Wata yarinya 'yar firamare ta miƙa nata tana rawar jiki, dogon harshe mai launin toka ya naɗo ƙwayoyin daga tafinta, ta yi tsalle da ihu, 'yan ajinsu suka fashe da dariya, sannan kowa ya ce shi ma sai ya gwada. Akwai ɓauna da mariri da manyan gwanki, akwai ɗakin macizai. A kan ciyawa kuma manyan kunkuru na tsibirin Aldabra ke yawo a sake, wasunsu sun haura shekara ɗari, bayansu ya kai gwiwar babban mutum. In ka sosa wa ɗaya wuya sai ya miƙe a kan ƙafafunsa ya lumshe ido.

Ɗaya daga cikin kunkurun nan ya taɓa shiga labaran duniya. A watan Disamba na 2004, lokacin da igiyar tsunami ta tekun Indiya ta iso gaɓar Kenya, an tsinci wani ɗan dorina shi kaɗai a kan duwatsun murjani kusa da Malindi, ya rabu da garkensu. Mutanen gari suka ceto shi, aka sa masa suna Owen, aka kawo shi Bamburi. Da aka sake shi sai ya ruga ya fake a bayan wani tsohon kunkuru mai suna Mzee, wanda aka ƙiyasta shekarunsa 130. Da farko tsohon ya yi ta gudunsa, daga baya ya saba, suka riƙa ci tare suna kwana tare. Hotunansu sun zagaya duniya, har aka yi littafin yara a kansu a 2006. Da Owen ya girma aka haɗa shi da wata dorina mai suna Cleo. Abin da ya tsaya mini a rai a labarin shi ne, ranar da aka rasa inda za a kai marayan dabba a duk wannan gaɓa, tsohon ramin siminti ne ya karɓe shi.

Mai son shimfiɗa tabarma ya huta yana da wurare biyu a kusa. Na farko shi ne sashen da ake kira Forest Trails, wani ramin da aka farfaɗo daga baya, inda aka fitar da hanyoyin tafiya a ƙasa da na keke a cikin itatuwa da gefen tafkuna, ga kuma rumfar kiwon malam-buɗe-littafi. Da sassafe ma'aikata da 'yan kasuwa ke zuwa motsa jiki, da hantsi kuma iyalai su iso da kuloli. Na biyu shi ne Nguuni, kimanin kilomita 4 daga masana'antar zuwa cikin ƙasa, a tuddan Nguu Tatu, yankin da ake samun lakar da ake haɗa siminti da ita. Nan ya fi kama da karkara. Fili ne a buɗe, da ciyawa da itatuwan ƙaya da ƙananan tafkunan ruwan sama, jiminu da raƙuman dawa na kiwo a sake. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne goruba, manya-manya, masu rassa biyu-biyu, irin waɗanda na sani tun ina yaro, suna tsaye a nan kusa da tekun Indiya.

A Nguuni na yi la'asar. Wani magidanci da iyalinsa sun shimfiɗa tabarmi a gindin wata goruba, da na yi musu sallama ya matsa ya ce in zauna. Uwargidan ta buɗe tukunyar shinkafar pilau da ta sha kayan ƙamshi, ga dankalin da aka tsoma a ƙullu aka soya ana ci da miyar tsamiya, ga mahamri, wani soyayyen burodi mai ɗanɗanon madarar kwakwa. Wani saurayi ya fille kan ɗanyar kwakwa da adda ya miƙo mini. Can gefe wasu matasa na gasa nama a kan garwashi, wata ƙungiyar mata na rera waƙoƙin coci a hankali. Da lokaci ya yi muka yi alwala da ruwan gora, muka yi salla a kan ciyawa, raƙumin dawa na tsinkar ganyen ƙaya a bayanmu. Maigidan ya gaya mini cewa a unguwarsu gidaje sun cinye kowane fili, yaransa ba su da inda za su yi gudu sai titi, kuma nan ne kaɗai wurin da kuɗinsa zai iya kai su su ga dabbar da suke gani a littafin makaranta. Manyan gandayen daji irin su Tsavo suna da nisa da tsada ga mai ƙaramin albashi. Wannan kuwa kuɗin mota ne da na ƙofa.

Bai kamata daɗin wurin ya rufe wa mutum ido ba. Masana'antar na nan tana aiki, ana ci gaba da haƙa a wasu sassan, kuma gasa dutsen siminti na daga cikin manyan hanyoyin da hayaƙi mai ɗumama duniya ke fita. Dajin da aka dasa ba zai zama daidai da wanda ya shekara dubbai yana tsiro da kansa ba, kuma dabbobi da yawa kawo su aka yi, ana kuma ciyar da su. Gyaran rami ba lasisi ba ne na yin ɓarna. Amma muddin mutane na gina gidaje da gadoji za a haƙa dutse, kuma tambayar da ta rage ita ce me za a bar wa mutanen wurin bayan an kwashe. Bamburi ta nuna cewa amsar ba dole ta zama kufai ba.

A nan ne tunanina ya komo gida. A tsaunukan Jos an fara haƙar kuza gadan-gadan tun farkon ƙarni na 20, kuma har yau ƙasar cike take da tafkunan da aka bari da tulin jar ƙasa. An mai da na Rayfield wurin shaƙatawa, amma da yawa suna nan a yashe, suna cin dabbobi da yara. Muna da masana'antun siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, akwai ta Malbaza a Nijar, kowace da ramukanta. A gefen kowane sabon titi akwai inda aka ɗebi tsakuwa da jar ƙasa aka tafi. A cikin tsofaffin biranenmu akwai kududdufai da suka zama juji da gidan sauro. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa alhakin gyara wurin da ya ɓata, amma abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ido ke gani a ƙasa daban.

Dole a bambance rami da rami. Dutsen Bamburi ba shi da guba, yunwa ce kawai ke damunsa. Inda aka sarrafa zinariya mai haɗe da dalma, kamar ƙauyukan Zamfara da aka rasa yara aƙalla 400 a 2010, ko inda aka tara ragowar yuraniyom a yankin Arlit, aikin farko shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa ko rufe ta yadda ba za ta kai ga mutum ba. Ba a kai yara cin abinci a irin waɗannan wurare. Amma ramukan siminti da na tsakuwa da na jar ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa, babu abin da ya hana su rayuwa sai rashin mai tsayawa a kansu.

Ba kuma sai mun ɗauko kasuwarina da ƙadandoniyar Mombasa ba. Abin ɗauka shi ne hanyar: a gwada iri da yawa a wurin da kansa, a bar ƙasar ta zaɓi wanda take so, a kula da ƙananan halittun da ke gina ƙasa, a sa wurin ya riƙa ciyar da kansa. Muna da namu itatuwan masu tafiya da takinsu, irin su gawo da bagaruwa. Manoman Tawa a Nijar sun daɗe suna farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramukan tassa, su zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasar ruwa ya sami hanyar shiga. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma sun maido da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ta hanyar renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Ilimin yana hannunmu. Abin da muka saba yi a hukumance shi ne bikin dashen itatuwa na rana guda, a dasa iri ɗaya a jere, a ɗauki hoto, a watse, awaki su ƙarasa sauran kafin kaka.

Abin da ya raba Bamburi da irin wannan biki shi ne an sami mutum da ma'aikatansa da suka zauna a wuri ɗaya shekaru da dama, suna dubawa, suna gyarawa, kamfani kuma ya bar su su yi. Saboda haka duk garin da aka zo neman izinin haƙa a ƙasarsa, ya kamata hakimi da dagaci da matasan gari su yi tambaya uku tun kafin injin farko ya sauka: wa zai gyara ramin, nawa aka ware domin gyaran, kuma wane ne zai zauna a kansa bayan motocin sun tafi. In aka sami amsa a rubuce, aka kuma bi ta, yaran da ake haifa yau a gefen ramukanmu za su iya kai nasu 'ya'yan can shan inuwa.